Darasin Kwaɗo da Igiya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da aikin hanyar nan taku da ba ta da ranar ƙarewa. Idan ka leƙa gida ka gaishe min da Anti da yara.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Sansaninku ba ya kama waya sai mutum ya hau tudu, nan gidan kuma ba a yin waya Baba bai ji ba. Kunnensa yana nan yadda ka san shi, ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ya tambayi wanda ya yar. Shi ya sa nake rubuta maka a bayan kanta a kantin magani, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman filasta. Direban motar kamfaninku ya yarda zai riƙa kai mana.

Yaya, Baba ba daidai yake ba. Na daɗe ina danne maganar, yanzu ta fi ƙarfina. Kwanaki ya ɗora buta a kan risho ba ruwa a ciki, sai ƙauri ne ya fito da ni daga banɗaki. Na ce tsautsayi ne. Bayan nan ya fita sayen alli a kantin bakin titi, wurin da ko ido rufe zai je, sai ga Mai Walda, mai rumfa a ƙofarmu, ya riƙo hannunsa sun shigo. A bakin tasha ya gan shi tsaye, alli a hannu, yana kallon motoci. Da na tambaye shi sai ya ɗaure fuska ya ce iska ya je sha, ko an hana. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shekaranjiya. Ina shanya, ya leƙo ta taga ya kira ni da sunan Mama, da irin muryar nan da yake kiranta, ya ce in kawo masa hularsa. Mama da muka binne tun kafin ka fara wannan aikin. Na kai masa hular, na koma bayan shanya na yi kukana.

Na lallaɓa shi muka je asibiti, na ce awon jini za a yi masa. Likita ya ja ni gefe ya ce mantuwa ce irin ta tsufa, ba ta komawa baya, sai dai a yi ta lallaɓawa, kuma kada a riƙa barinsa shi kaɗai. Ka ji fa, kada a bar shi shi kaɗai, ni da nake fita da safe sai yamma. Ina kanti amma rabina yana gida. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi, in ce mugun labari ne aka kawo. Jiya mai kantin ya ce in zauna don Allah, safa da marwar da nake yi tana sa masa jiri.

Abu ɗaya ne bai taɓu ba, ajinsa na gareji. Ka san tun da ya yi ritaya yake tara manya da yamma yana koya musu Turanci. Har yanzu suna zuwa, Dogo direban tankar mai, da Mai Ɗinki ta bayan layinmu, da Mai Walda, da wasu da ban riƙe su ba. La'asar na yi zai yi wanka, ya sa rigar da ya goge da kansa, ya ɗauki alli. Ran da nake hutu ina jiyo su ta bango, yana datse kwaɗon ƙofa yana buɗewa, suna bin bakinsa, lock, unlock, suna ta dariya. Idan ka ji muryarsa a lokacin sai ka rantse lafiyarsa ƙalau.

Ka gaya min yadda za mu yi. Kada ka ce in yi haƙuri, wannan na yi har na gaji.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma karanta ta a natse. Ina lafiya, aiki yana tafiya. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi, ya ba Baba sauƙi.

Na yi tunani a kan lamarin, kuma abin da na gani shi ne Baba ya dawo gidana. Ɗakin baƙi yana nan ba kowa a ciki, yana da banɗakinsa, ƙofarsa tana kallon falo. Antinki tana gida yini guda, yara suna nan, gidan yana da katanga da ƙofa mai sakata. Babu hanyar da zai fita ba a gan shi ba. Ke kuma ki samu ki yi aikinki da hankali ɗaya, kafin wata rana ki miƙa wa wani maganin da ba nasa ba.

Na san abin da zai hana shi ne ajin. A ganina aji ba dalili ba ne. Mutumin da ya ɓata tsakanin gida da kanti bai kamata a ce yana tsaye gaban mutane yana koyarwa ba. Ina tsoron ranar da zai ruɗe a gabansu, abin ya zama labari a unguwa. Baba ya yi shekaru yana gina mutuncinsa, ba na so ya zube a gareji.

Duk da haka ba zan yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, ke ma ta bango kika ji. Ki shiga ajin ki zauna daga farko har ƙarshe, ki rubuto min abin da idonki ya gani, ban da abin da zuciyarki take so. Idan da gaske yana koyarwa yadda ya saba, zan iya jira su kammala zangon nan. Idan ba haka ba, zan nemi hutu in zo da mota. Na rubuta masa shi ma, cikin ladabi, na ce jikokinsa suna kewarsa.

Ki cire risho daga inda hannunsa yake kaiwa. Ki kula da kanki.

Wassalam.
Yayanki.

*

Zuwa ga Yayana Injiniya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarka, har da katanga da sakata. Sai da na duba bayanta in ga ko ka zana taswirar ɗakin. Baba fa ba buhun siminti ba ne da za a sauke a wani sito saboda wannan yana yoyo. Amma na bi umarninka, na roƙi mai kanti ya sake ni da wuri, na shiga ajin na zauna a bencin baya kusa da tsohuwar tayar nan.

Ga abin da idona ya gani. Ya shigo da kwaɗo da mukulli da guntuwar igiya, ya jera su a tebur. Ya ce yau za su shiga wurin 'yan a'a. Haka yake kiran ɗafa-goshin nan na Turanci masu kore ma'ana. Ya ce Turawa rowar baki gare su. Mu in za mu ƙi abu sai mu sa kalmar ba a gaba mu sake sa ta a baya, mu tsare shi ta ko'ina, su kuwa ɗan guntun abu suke manna wa kalma a goshi, shi ke nan ta juya baya. Ya datse kwaɗo ya ce lock, ya buɗe ya ce unlock. Ya ƙulla igiya ya ce tie, ya kwance ya ce untie. Ya ce wannan un ɗin aiki biyu yake yi, in ya hau kan aiki sai ya warware shi, in ya hau kan hali sai ya ƙaryata shi, kamar happy da unhappy. Ya sa Mai Walda ya yi fuskar kowanne, mutumin da ko a ranar daɗi fuskarsa ta unhappy ce.

Sai ya rubuta possible a allo, ya ce wa zai juya masa ita. Dogo ya miƙe har kansa yana neman taɓa fanka.

"Unpossible, Malam."

Baba ya ƙwanƙwasa tebur da mukulli. "Dogo, rufe bakinka."

Dogo ya rufe, ya yi tsuru-tsuru.

"To a haka za ka fara. Im. Ita p ba ta fita sai leɓe ya haɗu, shi ya sa ta ɗauko maƙwabciyarta m su fita tare. Impossible. Impatient. Wannan ta biyun taka ce, mai danna wa mutane oda a kan hanya."

Aka kwashe da dariya. Mai Ɗinki ta ce inlegal, ya ce mata l ba ta son baƙo, 'yar'uwarta take jawowa, illegal, haka ma r a irregular. Mai Walda ya ce unhonest, Baba ya ce dishonest ne, kuma ya riƙe ta da kyau tunda shi ne mai cewa a dawo gobe an gama ƙofa. Can sai ya juya kan Dogo ya tambaye shi me aka rubuta a bayan tankarsa.

"Inflammable, Malam."

"Me ke nan?"

"Wato ba ya kamawa da wuta."

Baba ya dafe kai da hannu biyu ya ce Allah ya tsare garin nan da Dogo. Ya yi musu bayani cewa ba kowane in ne ɗan a'a ba, wannan cewa yake abin nan da nan yake kamawa. Ya ƙara musu da invaluable, ya ce ba wofi take nufi ba, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Ya ce kada su ga kalma da hula su ɗauka sun san mai ita, su tambayi ƙamus.

Yaya, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ya san sunan kowa, ya san raunin kowa, yana zagaya benci yana leƙa rubutu kamar yadda yake mana muna yara. Da aka tashi sai da ya tsaya a ƙofa ya sallami kowa. Ya shigo gida yana gumi, ya ci abinci har ya nemi ƙari, abin da ya daɗe bai yi ba. Ni na ga mutumin da ajin nan ne yake riƙe da shi. Ranar da ka raba shi da allon nan, ina tsoron abin da zai rage mana.

Kada ka ɗauka hankalina ya kwanta. Da safen nan ya tambaye ni ko yau akwai makaranta, yana neman jakarsa ta aiki. Na ɓoye risho, na ɓoye ashana, na roƙi Mai Walda ya riƙa sa ido a ƙofarmu tunda rumfarsa tana kallonta. Amma maganar mota ka ajiye ta tukuna. Ka bar shi ya gama zangonsa.

Ka gaishe da tudun wayarku.
Auta.

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Na samu takardarka, na ji daɗin rubutunka, ko da yake har yanzu kana cushe kalmomi a ƙarshen layi.

Na gode da gayyata. Ka gaya wa jikokina ina nan tafe idan an yi hutu. Yanzu ba zai yiwu ba, domin ina da ɗalibai, kuma malami ba ya barin aji a tsakiyar zango. Jiya na fara musu sabon babi, ɗafa-goshi masu korewa. Suna da rauni sosai a nan, musamman Dogo, amma yaro ne mai ƙoƙari. Idan na gama wannan zan shiga da su rubuta rahoto, wanda shi ne abin da ya fi buƙata a wurin aikinsa.

Na lura Auta tana bina da ido kwanan nan, tana ɓoye min kaya. Ka yi mata magana. Lafiyata lau, gajiya ce kawai irin ta kowa. Ita ce ma ta rame, ba ta zama wuri ɗaya.

Ka riƙe gaskiya a aikinka, ka kyautata wa leburorinka. Mamanku tana gaishe ka, ta ce ka daina zama cikin rana ba hula.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Ka ce in rubuto abin da idona ya gani. To idona ya gani, amma ashe bai gane ba.

Ranar Talata wuta ta lalace a kanti aka tashe mu da wuri. Na dawo na tarar ana aji, na ce bari in sake zama in ji daɗi. Sai ga Baba da kwaɗo da mukulli da igiya. Ya ce yau za su shiga wurin 'yan a'a. Na ce a raina bita ce. Ya yi maganar rowar bakin Turawa, aka yi dariya. Ya rubuta possible, Dogo ya miƙe ya ce unpossible. Mai Ɗinki ta ce inlegal. Mai Walda ya ce unhonest. Da aka zo kan tanka, Dogo ya sake cewa ba ya kamawa da wuta, Baba ya sake dafe kai. Ko kalma ɗaya ba ta canja wuri ba. Sai na tuna abin da nake jiyowa ta bango tun kafin in fara rubuta maka, shi ma kwaɗon nan ne. Ni da wayona, har na yarda wai mutumin da ya tsufa a kan tankar mai bai san abin da yake ɗauke da shi yana cin wuta ba.

Ban iya jira gari ya waye ba, ana tashi na bi Mai Ɗinki shagonta. Na tarar da Dogo a can yana jiran a ɗinke masa aljihu. Na shiga da faɗa. Na ce wasa suke da mahaifina ko me, sun mai da shi majigi suna zuwa kallo. Mai Ɗinki ta cire ƙafa daga keke ta jawo min kujera.

"Zauna, Auta. Mun san za ki gane, mun dai yi fatan a daɗe."

Na ƙi zama. Ta ce to in ji a tsaye.

"Da ya fara maimaitawa mun ɗauka bita ce. Da ya sake, sai Mai Walda ya ce, Malam ai mun yi wannan. Ya ce ba mu yi ba. Ya shiga tambaya, mu kuma don mu burge shi, duk abin da ya jefo muka cafke daidai. Ya juya ya kalli allo, ya kalli kwaɗon da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya ajiye shi a tebur. Ya ce mu tafi gida. Wallahi ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta koma haka ba."

Na tuna ranar, Yaya. Ranar ce ya shiga ɗaki ya ƙi abinci, na yi ta bugun ƙofa yana cewa kansa ne yake ciwo.

Ta ce a bakin rumfar Mai Walda suka tsaya suka yi shawara. Sun lura idan yana gyara wa mutum kuskure, nan ne yake dawowa Malam ɗinsa sak. Sai suka raba kuskuren a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa ya riƙe. Ita ce mai inlegal. Idan sabon ɗalibi ya zo, tun a ƙofa ake ja shi gefe a ba shi nasa. Ta ce wani lokaci Baba yakan ce gobe za a shiga rubuta rahoto, gobe ta yi ya shigo da kwaɗo.

Na juya kan Dogo na ce shi ba ya jin kunya, ƙato da shi yana cewa unpossible kullum. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Auta, da na zo garejin nan ko takardar lodi sai an karanta min. In Malam yana so in faɗe ta har baɗi, zan faɗa."

Mai Ɗinki ta harare shi ta ce ya faɗa min sauran. Ya ƙi, sai ita ta faɗa. Wani babban kamfani zai ɗauki direbobi, za a yi musu gwaji, a ciki har da rubuta rahoton tafiya da Turanci. Saboda wannan ne ma ya dage da zuwa aji, kuma Baba ya yi masa alkawari zai shirya shi. Lokaci yana matsowa, shi kuwa yana nan yana rufe baki yana cewa im. Lokacin ajin ne kaɗai yake da shi, sauran yana kan hanya. Na ce ya nemi wani malamin mana. Ya ce idan babu shi wa zai yi kuskuren tanka.

Na dawo gida na tarar da Baba yana wanke allo yana 'yar waƙarsa. Ya ce min ajin yau ya yi kyau, Dogo ya kusa ganewa. Na ce masa madalla.

Na rasa inda zan sa kaina. Wani lokaci in ji kamar in je in durƙusa in gode musu, wani lokaci in ji haushi ya turnuƙe ni, in ce mutumin da bai taɓa yarda a yi masa ƙarya ba, ga shi unguwa guda ta haɗu tana yi masa, har da ni. Ga Dogo kuma da iyalinsa. Na zauna na tashi, na ɗauki tsintsiya na ajiye. Wataƙila kai ne mai gaskiya tun farko. In za ka zo da motar, ka zo, ba zan tare ƙofa ba.

Sai na ji daga gare ka.
Auta.

*

Auta ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni da ta Baba a aljihu, na kasa ajiye ta tun da ta zo. A ƙarshenta ya ce Mama tana gaishe ni, wai in daina zama a rana ba hula. Na hau tudu zan kira ki, na tsaya da waya a hannu, na sauko ban kira ba, don na san muryata ba za ta fita ba.

Na janye maganar mota. Na ce ina tsoron mutuncinsa ya zube a gareji, ashe a garejin ake tare masa shi. A gidana me zan ba shi? Kujera da talabijin da ƙofa mai sakata. Babu wanda zai yi masa kuskure ya gyara. Ban sani ba ko abin da suke yi daidai ne, na juya shi ta kowane gefe ban samu amsa ba, kuma kin san ba na son abin da ba shi da amsa. Amma ba ni da zuciyar da zan zo in rushe shi.

Na aika wa Goggo, ta yarda za ta zo ta zauna da ku, ta riƙa yini da shi. Ta fi ki iya faɗa da shi, tun suna yara suke yi. Maganar Dogo tana damuna, ki bincika ko akwai mai koya masa ranar da ba ya kan hanya. Kada ki nuna wa Baba komai. Ki gaishe min da mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ki ce ɗan Malam ya gode.

Ke ma na gode, Auta. Ban taɓa faɗa miki yadda ya kamata ba.

Wassalam.
Yayanki.

*

Zuwa ga 'ya'yana biyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Auta, ki karanta sannan ki aika wa yayanki. Yau kaina a washe yake, shi ya sa nake sauri.

Jiya a aji na rubuta possible, Dogo ya miƙe. Ina kallon bakinsa. Leɓɓansa sun haɗu za su ce im, sai ya raba su da gangan ya ce un. Mai kuskuren gaske silin yake kallo yana lalube, shi kuwa ƙasa yake kallo. Da na zo zolayar Mai Walda, ya yi dariya tun ban kai ƙarshe ba. Na yi shekaru ina kama masu satar amsa, ban taɓa kama masu satar kuskure ba sai jiya. Ban san tun yaushe ba, kuma ba na so a gaya min. Na gyara musu kamar yadda suke so, na sallame su a ƙofa.

Ba don su yi renona na buɗe aji ba, sun zo ne su koya. Mutanen nan daga aiki suke zuwa a gajiye, kuma Dogo yana da gwaji a gabansa. Auta, ki je wurin malamar Turanci ta sakandaren 'yan mata, ɗalibata ce. Ki ce na roƙe ta ta karɓi ajin, ta fara da rubuta rahoto. Gareji da allo da benci nasu ne.

Kai kuma ka zo ka ɗauke ni, ƙanwarka ta samu ta yi barci. Idan ka iso na ce ban san zancen ba, ku nuna min takardar nan, zan gane hannuna.

Kada ku gaya musu na gane. Ku ce jikoki ne suka matsa min.

Allah ya yi muku albarka, ku da su.
Mahaifinku.